Tsakanin Isha'i da Asuba: Ƙarancin Barci da Girman Tumbi



'Yan'uwa maza da mata, darasin lafiya na wannan Juma'a ya samo asali ne daga wata 'yar gardama da aka yi a ƙofar masallaci bayan La'asar, makonni kaɗan da suka wuce. Wani dattijo daga cikinmu, wanda ya haura shekara talatin yana lodin shanu daga Mubi zuwa Kudu, ya dawo daga asibiti ransa a ɓace. An auna shi, an ce suga ya hau, jini ya hau, nauyi kuma ya wuce kima. Duk wannan bai dame shi ba kamar tambayar da likita ya yi masa a ƙarshe: awa nawa kake barci? Ya ce huɗu, in an yi sa'a biyar. Likita ya ce to wannan ma yana da hannu a tumbin nan.

"Malam, ka ji wani zance," in ji shi. "Ni da na san kiwon turke tun ina yaro? In kana son sa ya yi kitse, ɗaure shi kake yi, ka zuba masa dusa da harawa, ya ci ya kwanta. Wanda yake yawo a daji ba ya tara nama. To ni da ba na kwanciya, ta ina rashin barci zai sa ni ƙiba? Ai sai dai ya ramar da ni."

Na ce, "Alhaji, Allah ya ƙara maka lafiya, a ba ni lokaci in duba." Na duba, kuma ga abin da na samo. Tambayarsa tana da ƙarfi, don kusan dukkanmu haka muke ɗauka: mai ƙiba shi ne mai yawan kwanciya. Amma likitan nan bai yi kuskure ba.

Mu fara da lissafin darenmu

Mubi tana can gabashin ƙasar nan, dab da iyakar Kamaru, alhali agogon da muke bi ɗaya ne da na Legas da Sakkwato. Saboda haka alfijir yana riga ketowa a nan: kusan minti 20 kafin Kano, kimanin rabin awa kafin Sakkwato, wajen minti 40 kafin Legas. Da damina Asuba tana shiga tun wajen ƙarfe 4:30, da hunturu kuma wajen ƙarfe 5. Isha'i kuwa tana faɗawa tsakanin ƙarfe 7 da 8 saura kwata, gwargwadon wata. Ke nan tsakanin sallolin nan biyu akwai awa 9 zuwa 10, ko ƙasa da haka kaɗan a tsakiyar damina. Lokaci ne isasshe. Masana barci na Amurka sun haɗu a 2015 sun fitar da matsaya cewa baligi yana buƙatar barcin awa 7 ko fiye a kowane dare.

To ina sauran awannin suke tafiya? Kowa ya san amsa. A rufe shago bayan Isha'i, a zauna lissafin ciniki. A kira yaron da ya bi tirela a ji ko sun wuce Makurɗi, a kira abokin ciniki na Legas wanda shi a wurinsa dare bai yi ba tukuna. A leƙa majalisa. Matasa su tafi gidan kallon ƙwallo, inda wasan zakarun Turai yake farawa ƙarfe 8 ko 9 ya ƙare wajen 10 ko 11. In an dawo gida kuma waya tana jira da WhatsApp da TikTok. Kafin a ankara sha biyu ta buga. Lokacin tashi kuwa ba ya matsawa. Ladan ba ya jinkirta kira don wani ya kwanta a makare. Wanda ya kwanta sha biyu ya tashi huɗu da rabi, awa huɗu da rabi ya samu. Haka da yawanmu suke yi dare bakwai a mako, shekara da shekaru.

Abin da aka gani a jikin mutane

A 2008 wani farfesa mai suna Francesco Cappuccio da abokan aikinsa a Jami'ar Warwick ta Ingila suka tattara bincike-binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban, waɗanda suka shafi mutum sama da 600,000. Suka ga cewa a cikin manya, yiwuwar samun ƙiba mai yawa ga mai gajeren barci ta ɗara ta mai isasshen barci da kimanin rabi. A Amurka kuma an bi rayuwar ma'aikatan jinya mata sama da 68,000 har tsawon shekara 16. Waɗanda suke barcin awa 5 ko ƙasa sun fi masu awa 7 yiwuwar ƙara kilo 15 da kashi 32 cikin 100.

Mai hankali zai ce: to ai ganin abu biyu tare ba ya nuna ɗaya ne ya haifi ɗaya. Wataƙila ƙibar ce take hana su barci, ko kuma wahalar rayuwa ce take kawo duka biyun. Gaskiya ne. Shi ya sa masu bincike suka koma ɗakin gwaji, suka ɗauki mutane lafiyayyu, suka rage musu barci da gangan don su ga abin da zai faru.

A Jami'ar Chicago, a 2004, an ajiye samari 12. Dare biyu aka bar su su kwanta awa 4 kacal, a wani zagayen kuma dare biyu awa 10, ana ɗibar jininsu ana aunawa. Abin da ake nema sinadarai ne guda biyu da jiki yake amfani da su wajen gaya wa ƙwaƙwalwa halin da ciki yake ciki. Na farko sunansa leftin, kitsen jiki ne yake fitar da shi, saƙonsa shi ne: akwai ajiya, a dakata da ci. Na biyu girelin, daga tumbi yake fitowa, shi kuma mai shelar yunwa ne. Bayan dare biyu kacal na gajeren barci, mai cewa a dakata ya ragu da kashi 18 cikin 100, mai shelar yunwa ya ƙaru da kashi 28, samarin kuma suka ce yunwar da suke ji ta ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ba kuma yunwar ganye ko 'ya'yan itace ba ce. Zaƙi suke nema, da mai gishiri, da kayan fulawa.

Wasu gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su ga sauyin sinadaran nan daidai yadda aka gani a Chicago ba, amma abu guda kusan duk wanda ya gwada ya gan shi: wanda aka rage wa barci yana ƙara ci. Masu bincike a Landan sun haɗa sakamakon gwaje-gwaje da dama suka ga ƙarin ya kai kimanin kalori 385 a rana. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki. Don a gane girman abin, ƙaramin cokalin shayi na sukari kalori 16 ne, babban cokali na man gyaɗa kuma kusan 120. Ke nan kamar mutum ya ƙara wa kansa cokali 24 na sukari ne kullum, ko ya kurɓe babban cokali uku na mai, ba tare da ya san ya yi ba.

Yanzu ga amsar Alhaji. Yana da gaskiya ta gefe guda: wanda yake a farke ya fi mai barci ƙona abinci. An auna wannan ma, a Jami'ar Colorado a 2013, inda aka taƙaita barcin mutum 16 zuwa awa 5 na kwana biyar. Abin da jikinsu yake ƙonawa ya ƙaru da kashi 5 cikin 100. Sai dai abin da suka ƙara ci, musamman bayan abincin dare, ya zarce wannan. A kwana biyar ɗin sun ƙara kusan kilo ɗaya. A yaren kasuwa, ribar naira biyar ce aka samu, aka yi asarar da ta fi ta.

Shi kuwa san turke, abin da ya sa shi kitse ba barci ba ne. Abinci ne a gabansa kowane lokaci, da rashin motsi. In muka yi wa kanmu adalci, wa ya fi kama da san turke: manomin da ya kwanta bayan Isha'i ya yi sammakon gona, ko mu da muke wuni a kan benci a rumfa, ko a gaban mota daga nan har Anaca, duk mai tallan da ya wuce mu kira shi? Alhaji ya ce yana kan ƙafarsa dare da rana. Na tambaye shi tun yaushe rabonsa da ya taka daga gida zuwa tike da ƙafa. Ya yi dariya, ya ce ai Keke Napep ta hutar da kowa.

Teburin mai shayi

Akwai wani bincike da nake ganin ya kamata mu sani, don kada mu ɗora wa barci laifin da ba nasa kaɗai ba. A 2015 an auna barcin wasu al'ummu uku da suke rayuwa ba wutar lantarki: Hadza a Tanzaniya, San a Namibiya, da Tsimane a Bolibiya. An zaci za a tarar suna barcin awa tara ko goma. Sai aka ga tsakanin awa 6 da 7 suke yi, wasu ma ƙasa da haka kaɗan, kuma ƙiba ba damuwarsu ba ce. Haka kakanninmu fatake da suka riƙa ratsa ƙasashen nan da jakuna, suna kai kanwa da tufafi suna dawowa da goro. Ba lalle ne sun ƙoshi da barci a zango ba. Amma wanda ya farka cikin dare a zango, me zai ci? Sai dai ya sha ruwa ya koma ya kwanta, gobe kuma tafiyar yini guda tana jiransa.

Mu namu ya bambanta. Yunwar da rashin barci take tayarwa tana zuwa ne daidai lokacin da teburin mai shayi ya cika. An ci tuwo bayan Magariba, ciki ya ɗauka. Ƙarfe sha ɗaya ana hira, sai ka ji wani ya ce, "Kai, a soya min Indomie biyu da ƙwai uku, a haɗa shayi mai kauri." Kofin nan kuwa madara ce da sukari da Bournvita, ga rabin burodi an shafe shi da bota. Wani kuma tsire ne ko balangu da lemon kwalba mai sanyi. Wannan cikakken abinci ne na huɗu, an ci shi a lokacin da jiki ya riga ya shirya hutawa, lokacin da ba ya iya sarrafa sukari kamar yadda yake yi da rana. Da an kwanta ƙarfe goma, da wannan cin bai auku ba sam. Ba na zargin masu shayi. Sana'arsu suke yi, da yawansu ma 'yan'uwanmu ne da muke sahu ɗaya da su. Da safe ma suna nan.

Washegari kuma sai zagayen ya sake. An tashi da nauyin kai, sai a nemi goro, a nemi Nescafé, matasa su nemi lemon ƙara kuzari wanda shi ma cike yake da sukari. Jiki a mace, ba mai sha'awar tafiya da ƙafa. La'asar ta yi, gyangyaɗi ya taso, a sake fasa goro a dafa shayi mai ɗaci. Dare ya yi, ido ya bushe.

Inda kitsen yake taruwa

Abin da ya fi tayar min da hankali a karatun nan shi ne gwajin da asibitin Mayo na Amurka ya buga a 2022. Mutum 12 marasa ƙiba aka rage wa barci zuwa awa 4 na mako biyu. A sikeli ƙarin bai taka kara ya karya ba, kimanin rabin kilo. Amma da aka ɗauki hoton cikinsu, kitsen da yake can ciki, wanda yake naɗe hanji da hanta, ya ƙaru da kashi 11 cikin 100. Da aka bar su suka rama barcin na 'yan kwanaki, cin ya ragu, amma kitsen cikin bai tsaya ba. Duk mahauci ya san bambancin kitsen da yake ƙarƙashin fata da wanda yake lulluɓe da kayan ciki. Wannan na biyun shi ne yake tafiya kafaɗa da kafaɗa da ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya. Shi ya sa za ka ga mutum hannuwansa da ƙafafunsa sirara, amma babbar riga tana ɓoye tulu.

A al'adarmu in mutum ya yi teɓa sai a ce kasuwa ta karɓe shi, hutu ya zauna. Ni dai na daina yi wa kowa murna da wannan. Sau da yawa ba hutu ba ne, rashinsa ne.

Ga wanda kuma yake ƙoƙarin rage nauyi, akwai darasi daga wani gwajin na Chicago a 2010. Mutum 10 masu nauyi aka rage wa abinci na mako biyu, sau biyu: zagaye ɗaya da kwanciyar awa 8 da rabi, ɗayan da awa 5 da rabi. Duka biyun sun sauke kusan kilo 3. Amma da isasshen barci kusan rabin abin da ya zube kitse ne, kilo 1.4. Da gajeren barci kitsen da ya tafi kilo 0.6 ne kawai, sauran daga tsoka da ruwan jiki ya fita. Wato mutum ya sha yunwa, ya rasa ƙarfi, tumbin kuma yana nan.

Iyayenmu mata

A gidajenmu da yawa uwargida ita ce ta ƙarshen kwanciya, ita ce ta farkon tashi. Tana jiran maigida ya dawo daga majalisa ta ba shi abinci. Mai goyo tana tashi sau biyu sau uku. In an kawo wuta ƙarfe ɗayan dare, ita za ta miƙe ta yi guga, ta tara ruwa, ta haɗa zoɓo da kunun aya na sayarwa. Mai ƙosai da mai waina kuwa tun kafin kiran farko suna gaban murhu. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, kuma abin ya fi yawa a birane. Ana yawan cewa haihuwa ce, ko zaman gida. Suna ciki. Amma ba mai tambayar Hajiya awa nawa take runtsawa.

Maigida, wannan magana taka ce. In ka dawo gida ƙarfe tara maimakon sha ɗaya da rabi, ba kai kaɗai ka samu ƙarin barci ba.

Sai kuma wani abu da ba zan wuce shi ba, ko da yake ya ɗan kauce. Akwai 'yan mata da amare da suke sayen ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe don su yi jiki. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan maganin ƙaiƙayi ne mai buɗe ciki yana kuma sa barci mai nauyi. Wasu kuma irin waɗanda likita yake bayarwa ne na ɗan lokaci don kumburi ko asma, in aka daɗe ana sha suna kumbura fuska, su tayar da suga da hawan jini, su raunana ƙashi. Barcin da ƙwaya ta kawo ba shi ne barcin da muke magana a kai ba. Haka nan baligin da kullum sai ya wuce awa 9 yana barci kuma ya tashi a gajiye, wannan ma alama ce ta a je a duba shi.

Minshari ba alamar daɗin barci ba ne

Abin yana tafiya ta ɗaya ɓangaren ma: ƙiba tana lalata barci. In kitse ya taru a wuya da gindin harshe, hanyar iska takan toshe in an kwanta. Mutum ya yi ta minshari, sai ka ji tsit, numfashi ya ɗauke na daƙiƙa goma ko fiye, sannan ya fizgo shi da ƙarfi kamar wanda aka shaƙe. Wani yakan yi haka sau da dama a kowace awa bai sani ba. Zai rantse ya yi barcin awa takwas, amma ya tashi da ciwon kai da bushewar baki, ya riƙa gyangyaɗi a shago, ko huɗuba ta wuce shi yana zaune. Wannan cuta ce sananniya, tana tayar da hawan jinin da ba ya jin magani, kuma tana da magani. Rage nauyi kaɗai yakan sauƙaƙa ta ƙwarai. Mai ita ba ya jin kansa. Matarsa ce shaida, ko abokin kwanansa a tasha. Hajiya, in kin ga haka kada kunya ta hana ki faɗa. In kuwa mai ita direba ne da yake ɗaukar mutane zuwa Yola ta Hong da Gombi da Song, to ba ransa kaɗai ne a hannunsa ba.

Akwai kuma waɗanda ba hira ce take hana su barci ba. Tun abin da ya sami garin nan a ƙarshen Oktoba 2014, lokacin da aka fita da ƙafa ana neman tsira, wasu zuwa Kamaru wasu zuwa Yola, da kuma hare-haren 2017 da 2018, akwai bayin Allah da har yau ƙarar faɗuwar kwano takan tashe su, ido biyu har Asuba. Wasu kuma bashi ne, ko kayan da suka maƙale a hanya. Irin waɗannan ba a ce musu kawai su kwanta da wuri. Su je asibiti su faɗa wa likita a fili cewa barci ya gagara da kuma tun yaushe, su kuma samu wanda suka yarda da shi su yi magana. Abin da nake roƙo shi ne kada a je kemis a sayi maganin barci kai tsaye. Yana kama jiki, fita daga cikinsa kuwa aiki ne.

To me za a yi?

Labari mai daɗi ya zo daga Chicago a 2022. An ɗauki mutum 80 masu nauyi waɗanda ba sa kai awa 6 da rabi suna barci. Ba a hana su cin komai ba, ba a sa su gudu ba, a gidajensu suka ci gaba da kwana. Rabinsu kawai aka zauna da su aka ba su shawarar yadda za su gyara darensu, babban abin da ya taimaka kuwa shi ne ajiye waya kafin kwanciya. Barcinsu ya ƙaru da awa ɗaya da 'yan mintuna. Cikin mako biyu, abin da suke ci ya ragu da kimanin kalori 270 a rana in aka gwada da sauran, haka kawai, ba tare da sun ƙudurta ba.

Mu a nan, lissafin daga baya ake yinsa. Dubi lokacin Asuba a jadawalin da ke jikin bango, ka ja baya da awa bakwai. Zai ba ka tsakanin tara da rabi da goma. Na san wani zai ce wannan barcin kaji ne. To a fara da awa guda: mai kwanciya sha biyu ya dawo sha ɗaya, ya riƙe haka mako biyu, sannan ya sake matsowa. Lissafin ciniki a mayar da shi bayan sallar Asuba, lokacin da kai yake a sake. Ni na gwada, kuskuren ma ya fi ƙaranci. Abokin ciniki na Legas a gaya masa bayan tara da rabi sai dai saƙo. Waya ta kwana a wurin caji, nesa da shimfiɗa.

Goro da shayi da kofi duk suna da sinadarin kafin mai hana barci, kuma yakan ɗauki kimanin awa 5 kafin rabinsa ya bar jini. An gwada a Amurka a 2013: wanda ya sha mai yawa awa 6 kafin kwanciya ya yi asarar barcin sama da awa ɗaya, da yawansu kuma ba su ma lura ba. Saboda haka goron La'asar yana nan a jiki ƙarfe goma. Ba cewa nake a rabu da goro ba, na san ba za a ji ba. A tsayar da shi daga Azahar.

Ƙailula da muka gada abu ne mai kyau, musamman ga mu da muke tashi da duhu. Minti 20 zuwa 30 kafin Azahar ko bayanta, ko a bayan kanta ne a kan tabarma, yaron shago ya riƙe wuri. Tana cike giɓi, amma ba ta maye gurbin dare, in kuma ta yi tsawo ko ta kai yamma sai ta cinye barcin daren. Haka ramuwar barci a rana guda: an gwada a Colorado a 2019, waɗanda suka rama a ƙarshen mako suka koma gajeren barci ba su tsira daga ƙarin ci da ƙarin nauyi ba. Masu gadi da direbobin dare da masu gidan burodi, waɗanda sana'a ta hana su daren, su ware lokaci tsayayye da rana a ɗaki mai duhu, iyali su kiyaye musu shi, su kuma ci babban abincinsu kafin fita aiki maimakon ƙarfe biyun dare. Zafin Maris da Afrilu yana korar mutane waje, to a fita da gidan sauro.

Wanda yake son ya san matsayinsa ba sai ya nemi na'ura ba. A asibiti ana raba nauyi da tsawo sau biyu. Ga mai tsawon mita 1.70, daga kilo 72 ya fara wuce kima, daga kilo 87 ya shiga ƙiba sosai. Amma ga hanya mafi sauƙi, wadda ma ta fi nuna kitsen ciki: a samu igiya, a auna tsawon mutum daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, a yanke, a ninka ta biyu, a zagaya ciki da ita ta ɗan saman cibiya, ba tare da an shanye ciki ba. In bakin igiyar biyu sun haɗu, madalla. In sun ƙi haɗuwa, to a je a auna suga da jini, ko da ba a jin ciwon komai.

Na kai wa Alhaji wannan bayani a rumfarsa ranar Asabar, har da igiyar. Yaransa suna ta dariya, ya kore su. Igiya ta rage kusan taƙi guda ba ta haɗu ba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, shayin dare na bar shi daga yau. Majalisa kuma zan riƙa tashi ƙarfe goma, in sun ce na tsufa su ce. Amma goro, a bar min na safe." Na ce an bar masa. Mun yi da shi za mu sake gwada igiyar bayan wata uku.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.